Filin Tambayar Tela: tauraron ƙyallaye da ya ƙi fitar da tsini

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Tun bayan Sallah saƙonnin da ke shigowa kusan duk a kan abu ɗaya suke, buhunan ƙyallaye sun cika shaguna kowa na neman yadda zai yi da su, kuma da alama hotunan bargon haɗe-haɗe mai taurari da ke yawo a WhatsApp sun shiga ran mutane sosai. Na tsinto waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, sauran ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni tela ce a Aboabo nan Kumasi, na daɗe ina ɗinkin mata, kaba da silit da doguwar riga babu wanda ke ba ni wahala. Na ga wani bargo a waya an haɗa shi da ƙyallaye, kowane gida da tauraro mai tsini takwas, na ce ai wannan ba zai gagare ni ba sai na yanka atamfa na haɗa. Wallahi Anti abin da ya fito ni kaina dariya ya ba ni, tsinin duk sun guntule, kuma da na zo haɗa gida biyu suka ƙi haɗuwa, ɗaya ya ɗara ɗaya da kusan inci guda. Keken ne ko hannuna ne? Dan Allah a taimaka min da awo.

Amsa: Ba keken ba ne 'yar'uwa, hannunki ma lafiyarsa ƙalau, sabo ne kawai. Mu masu ɗinkin kaya mun saba barin alawans, wato rarar yadi tsakanin ɗinki da bakin yadi, mai faɗi, rabin inci ko inci guda, saboda gobe kwastoma za ta ƙara jiki ta dawo a buɗe mata, kuma in yau alawans ɗin ya ɗan fi na jiya babu mai ganewa tunda a jikin mutum rigar za ta zauna. Toh tauraro bai san wannan ba. Shi alawans ɗinsa kwatan inci ne, ¼, a kowane ɗinki daga na farko har na ƙarshe, kuma duk awon da zan ba ki a kan wannan kwatan aka gina shi. Ki yi lissafin da kanki ki gani. Kowane ɗinki yana cin yadi biyu, na sama da na ƙasa, kuma daga wannan gefen gidan zuwa wancan ɗinki biyu ne. In kin yi gida ɗaya da kwata, ɗayan kuma hannu ya koma rabin incin da ya saba, kin ƙara kwata a yadi biyu a wuri biyu, inci guda cif ya tafi, wanda shi ne kika gani. Kuma wannan ɗinkin da ya shiga ciki da yawa shi ne ya haɗiye miki tsinin.

Saboda haka kafin ki yanka komai ki fara gyara keken. Kar ki yarda da gefen ƙafar keke, na Butterfly da Singer ɗin da ke shagunanmu faɗinsu ba ɗaya ba ne balle in an taɓa canza ƙafar. Ki sauke allura, ki auna kwatan inci daga allurar zuwa dama, ki manna filasta a kan farantin ƙarfen nan ki ruɓanya ta sau uku ko huɗu ta yi tudu yadda gefen yadi zai riƙa jingina da ita. Sai ki gwada: ki yanka ƙyalle uku kowanne faɗin inci 1½, ki haɗa su gefe da gefe ki danne da dutsen guga, in duka sun ba ki 3½ kuma na tsakiyar ya rage inci 1 daidai toh filastarki ta zauna inda ya kamata, in bai kai ba ki matso da ita kusa da allura da ɗan kaɗan, don kaurin zare da ninkin yadi su ma suna cin nasu. Ki rage tsawon ɗinkin kuma, kamar 12 zuwa 15 a inci, saboda za ki riƙa yanka ta tsakiyar ɗinki kuma mai tsawo warwarewa yake.

Yanzu awo. Wanda ya fi sauƙi a fara da shi shi ne tauraron da ake kira haƙorin zarto, gida mai inci 12 in an gama. Yadi kala biyu kike buƙata, na tauraro da na fili wato bayan tauraron. A na tauraro ki yanka sukwaya, wato ƙyalle mai gefe huɗu daidai, ɗaya mai inci 6½ na tsakiya, da ƙanana huɗu masu 3⅞, wato saura layi ɗaya a jikin tef ya cika 4. A na fili ki yanka sukwaya huɗu masu 3½ na kusurwoyi da babba ɗaya mai 7¼. Shikenan yankan, guda goma. Kuma dan Allah ba da ido ba, ba kuma a tsaga da hannu ba. Ki yi ma'auni da kwali mai ƙarfi, ko tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti in kina da shi a gida don shi gefensa ba ya cinyewa, ki zana da fensir mai tsini ba allin tela ba, layin alli kaɗai kaurinsa ya isa ya ɓata miki lissafi.

Aikin duk yana wajen fukafukai huɗun nan da ke ɗauke da tsinin, kowanne alwatika babba ta fili a tsakiya da ƙanana biyu na tauraro a gefe. Ba sai kin yanka alwatika kin yi ta fama da ita ba. Ki ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa a bayan ƙananan nan huɗu masu 3⅞. Ki shimfiɗa babban mai 7¼ fuskarsa sama, ki kifa ƙanana biyu a kusurwoyi biyu masu kallon juna fuska da fuska, layinsu ya haɗu ya zama layi ɗaya dogo, za su ɗan hau juna a tsakiya kar ki damu haka ake so. Ki sa fil, ki ɗinka kwata a dama da layin ki juyo ki ɗinka kwata a hagu, sai ki yanka a kan layin fensir ɗin. Ki buɗe ƙananan ki danne, za ki samu abu biyu masu siffar zuciya. A kowanne akwai kusurwar fili da ta rage babu komai, ki kifa ƙaramin sukwaya a nan, layinsa ya taso daga kusurwar ya bi ta tsakanin kunnuwan biyu, ki sake ɗinka dama da hagu ki yanka ki danne. Fukafukai huɗu sun fito a lokaci ɗaya babu ƙyallen da ya zube, kowanne ya kamata ya auna 3½ da 6½. Ni dai ga wadda ke farawa na fi son ta yanka 7½ da 4 a maimakon 7¼ da 3⅞, ta gama ta datse rarar, ƙyallen da za a yi asara bai kai ɓacin ran a gama a tarar ya gaza ba. Amma wajen datsar ki lura, daga inda ɗinkin biyu suka haɗu suka yi tsini zuwa bakin yadi dole kwatan inci ya rage, in kika datse shi kin datse tauraron.

Sai haɗawa, layi uku. Na sama: kusurwa, fiffike, kusurwa. Na tsakiya: fiffike, babban sukwaya, fiffike. Na ƙasa irin na sama. Tsinin alwatikar fili yana kallon tsakiya koyaushe, a nan mutane da yawa ke juya shi su tashi da wani abu daban. Lokacin da za ki haɗa fiffike da na tsakiya ki sa fiffiken a sama bayansa yana kallonki, za ki ga inda zare biyu suka gitta juna suka yi ɗan alamar X, toh allurarki ta wuce ta wajen X ɗin da kaurin zare ɗaya, ta ɓangaren bakin yadi. In ta bi ta ciki tsini ya tafi, in ta yi nisa kuma za a ga rata. Ki rage gudu in kin zo wurin, ki juya keken da hannu ma in ta kama, ba tsere ake ba. Alawans na layin sama da na ƙasa ki kwantar da su wajen kusurwoyi, na layin tsakiya ki kwantar wajen babban sukwaya, in kin zo haɗa layukan za ki ji da yatsa sun shige juna sun kulle ko fil ba ki sa ba. In kin gama gidan zai auna 12½, kuma tsinin takwas ɗin za su tsaya kwatan inci kafin baki, kar ki ga haka ki ce kuskure ne ki datse, wannan ratar ita ɗinkin haɗa gida da gida zai ci.

Tambaya: Salam Anti, ni yarinyar shago ce a Nima, Madam ɗina ta ba ni ƙyallaye in riƙa koyo da su in babu aiki. Nawa tsinin suna fita amma gidan ba ya kwanciya, gefen yana lanƙwasa tsakiyar kuma ta kumbura kamar an kifa kwano, na goge na goge da dutsen gawayi sai ma ƙaruwa yake. Na haɗa atamfa da shadda da wani yadi mai santsi da ya rage a ɗinkin amarya.

Amsa: 'Yata gugar ce ma ta ƙara ɓata shi, amma bari mu fara daga yanka. Ki ɗauki ƙyallen atamfa ki ja shi ta tsawo, ba ya biyo ki. Ki ja ta faɗi, ya ɗan biyo kaɗan. Yanzu ki ja daga kusurwa zuwa kusurwa ki ga yadda yake saki. Wannan shi ne bayas, wanda kuke yankawa ku yi fayifin wuya saboda yana lanƙwasa, kuma kowace alwatika dole tana da aƙalla gefe ɗaya na bayas, dabarar ita ce kar wannan gefen ya faɗo a bakin gidan. Ina kyautata zaton kin raba sukwaya biyu ne kin yi babbar alwatikar fili da shi, toh dogon gefenta bayas ne kuma shi ne ke waje, shi ya sa bakin ke rawa. Babbar alwatika daga sukwayan da aka yanka sau biyu take fitowa, kusurwa zuwa kusurwa ta nan da ta can ya ba da huɗu, a haka dogon gefen yana bin zaren yadi. Ƙananan na tsini su ne ake raba sukwaya biyu. Wannan ne dalilin da awon ya bambanta, na rabawa biyu ana ƙara ⅞ a kan awon da ake so, na rabawa huɗu ana ƙara 1¼, sukwaya zalla kuma ½. Ki rubuta ukun nan a bangon shago, da su za ki iya fitar da tauraro kowane girma. Hanyar da na ba 'yar'uwarmu ta Aboabo a sama ta riga ta warware wannan tunda ana ɗinkawa kafin a yanka, bayas ɗin bai samu damar saki ba.

Guga kuma, a wannan aikin ba a goga dutse gaba da baya yadda ake wa riga. Ɗorawa ake a danna a ɗaga, a matsa gaba a sake ɗorawa. Ki fara danna ɗinkin yana rufe yadda ya fito daga keke, sannan ki buɗe da yatsa ki danna. Dutsen gawayi ba shi da laifi, nauyinsa ma taimako ne kuma dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, bai shafe shi ba, ki dai goge ƙasansa ki sa farin ƙyalle a tsakani saboda toka, kuma kar ki yayyafa ruwa da yawa, jiƙaƙƙen bayas in aka ja shi ya tafi kenan ba ya dawowa. In yadin ya yi laushi ki sa masa sitaci ya bushe ki goge kafin yanka, ba bayan yanka ba.

Shi kuma yadin amaryar nan ki cire shi gaba ɗaya, ki ajiye ki yi ribon da shi. Auduga da auduga ake haɗawa masu kauri ɗaya. Shadda tana yi amma sai an wanke ta tukuna, don ƙyallin bugun nan yana sauka a ruwa kuma wasu kalolin suna zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu da duk wani rini na hannu. Atamfa ma ki wanke, wani ƙyallen ya taɓa shiga ruwa wani bai taɓa ba, in kika haɗa su haka ranar wankin farko ɗaya zai tsuke ya bar ɗaya. Ki gaida Madam ɗinki, ba kowace ke ba yara ƙyalle su koya ba.

Tambaya: Hajiya ina gaisuwa. Ni namiji ne ina ɗinkin maza a Asawase, ina karanta filinki duk da mata sun fi yawa. Tambayata biyu. Na yi tauraron da atamfa kala-kala ɗinkin ya fita tsaf amma in ka tsaya nesa ba ka ganin tauraron sam. Na biyu wani kwastoma yana son baƙin tauraro mai tsini biyar irin na tutar Ghana a tsakiyar zanen gado, na rasa yadda zan raba shi.

Amsa: Malam filin na kowa ne, maraba. Matsalarka ta farko ba ta ɗinki ba ce ta ido ce. Atamfarmu, GTP ce ko ATL ko Printex, zanenta manya ne kuma ƙyalle ɗaya sai ka samu kala biyar a ciki, in ka yanka ta inci 3 wani yankin zai fito da duhu wani da haske, in fili ma atamfa ce sai su saje ido ya rasa inda tsini ya ƙare. Abin da ke fitar da tauraro bambancin duhu da haske ne, ba bambancin kala ba, ja da kore in duhunsu ɗaya daga nesa abu ɗaya ne. Ka jera ƙyallayen a tebur ka ɗauke su hoto da waya ka mayar da hoton baƙi da fari, duk biyun da suka zama toka iri ɗaya kar ka sa su kusa da juna. Shawarata fili ya zama yadi mara zane, kuma kai da ke ɗinkin maza ai kana zaune a kan arziki, ragowar farin yadin jallabiya da na kaftani in dai auduga ne sun fi komai dacewa. 'Yan Accra kuma rigunan maza na auduga na kasuwar gwanjo ta Kantamanto, bayan riga ɗaya babba yana ba da fili mai yawa. Atamfa mai babban fure ka ba ta sukwayan tsakiya inda za ta samu wurin nuna kanta, tsinin kuma ka yi su da mai ƙananan zane ko kala ɗaya mai duhu. Wasu na sa guntun kente a tsakiya, yana kyau ƙwarai, sai dai saƙar hannu tana zarewa, a manna masa farin yadin nan mai gam da ake sa wa wuyan riga, mara kauri, kafin a yanka.

Baƙin tauraron tuta, wadda Theodosia Okoh ta zana aka fara ɗagawa a 1957, shi ba ya shiga lissafin sukwaya ko kaɗan, tsini biyar ne kowanne digiri 72 tsakaninsa da na kusa, don haka kar ka wahalar da kanka da yanka fili gunduwa-gunduwa, ɗora shi ake a kan yadi. Ka zana da'ira a takarda, daga tsakiya zuwa baki inci 5. Ka sa alama ɗaya a sama, daga ita ka auna inci 5⅞ a miƙe da rula zuwa inda ya taɓa da'irar ka sa alama, ka ci gaba haka za ka dawo inda ka fara da alama biyar. Ka haɗa kowace alama da ta biyu daga ita kana tsallake ɗaya, tauraro ya fito, faɗinsa kamar inci 9½, zai zauna a gida mai inci 12 da sarari. In babba kwastoman ke so ka ninka awon biyu duka. Ka zana shi a bayan baƙin yadi, ka kifa a kan wani baƙin yadi mara nauyi fuska da fuska ka ɗinke zagaye a kan layin, ka datse alawans ya rage kaɗan, ka rage na bakin tsini sosai ka ɗan tsaga lungunan ciki biyar ɗin ba tare da ka taɓa zare ba, sai ka tsaga na bayan a tsakiya ka juyo shi. Tsinin ka fito da su da allura a hankali daga waje, ba da bakin almakashi ba. Ka danne ka ɗora ka bi bakin da baƙin zare. Baƙin yadin nan fa ka wanke shi har sai ruwan ya fita fari, in ba haka ba kwastoma zai dawo maka da zanen gado mai toka-toka.

Tambaya: Anti na yi wa jaririna ɗan bargo mai taurari huɗu, surukata ta gani ta ce wai me ya yi zafi jikanta zai kwanta a tsumma, ko ɗanta ya gaza sayen bargo ne. Abin ya min ciwo. Daga wata uwa a Madina.

Amsa: Allah ya raya yaro. Ki yi haƙuri da Mma, a zamaninsu faci alamar babu ne kuma ba ta son a ce gidan ɗanta babu, ta wannan fuskar ki ɗauki maganar. Amma haɗa ƙyalle da gangan don ado ba yau aka fara ba kuma ba daga waya muka koya ba. Asantawa suna da asasawa, zane ne sukutum da aka haɗa da ƙyallaye kuma ana sa shi a fita taro. 'Yan Bay Fal na Senegal da kayan haɗe-haɗe aka san su. Mu kanmu in ta taɓa ganin hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ta ga 'yan lifidi, toh lifidin nan yadi ne aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki, doki da mahayi duk a rufe, yawanci kala-kala, kuma a gaban sarki suke tafiya. Ni ba zan ce ki je ki yi mata wannan karatun ba, suruka ba a cin ta da hujja. Ki nemi sabon yadi mai kyau ki yi mata rigar filo biyu da tauraro ɗaya-ɗaya, ki yi fayifin a baki ki goge ki kai mata a leda ba tare da dogon bayani ba. Na jariri kuma ki tabbata an wanke sitacin tas, babu maɓalli ko duwatsun ado a jiki, kuma kar a rufe masa fuska da shi in yana barci.

Tambaya: Akwai wani tauraro da na gani duk daimon ne guda takwas sun haɗu a tsakiya, shi nake so. Yaya ake yi? Daga Sabon Zongo, Accra.

Amsa: Kin zaɓi mai wuyar. Daimon takwas ne masu kusurwar digiri 45, kowanne aƙalla gefe biyu bayas, sannan sukwaya huɗu da alwatika huɗu na fili ba a ɗinka su a miƙe, cusa su ake a lungu inda ɗinki uku ke haɗuwa, kowane ɗinki sai an tsaya kwatan inci kafin baki an ƙulle, in kika zarce ko da ɗinki ɗaya wurin zai tattare. Ga kuma alawans takwas da ke taruwa a cibiya, sai an kwantar da su duk suna bin juna ta gefe ɗaya an buɗe tsakiyar da yatsa kafin ta kwanta. In ba ki taɓa yin na haƙorin zarto ya fita daidai ba ki bari tukuna. Tsakanin su biyun akwai tauraron Ohayo, sunan wata jiha ce a Amurka, ƙananan gida tara ne masu inci 4, sukwaya zalla biyar a yanka 4½, sauran huɗun kowanne alwatika huɗu ne da ake fitarwa daga sukwaya masu 5¼, biyu na tauraro biyu na fili, shi zai koya miki haɗa tsini huɗu a wuri ɗaya. In kuma kamannin daimon ɗin kawai kike so akwai hanyar wayo: ƙananan gida 16 masu inci 3, kusurwa huɗu fili zalla, sauran 12 kowanne alwatika biyu, huɗun tsakiya kala ta ɗaya da ta biyu, takwas na gefe kala da fili. Daga nesa daimon ne, sai wanda ya matso zai ga ɗinki ya ratsa su, saboda haka da yadi mara zane ya fi kyau.

Tambaya: Taurari nawa za su isa gadon mutum biyu, kuma me ake sawa a ciki? Ga zafin Accra.

Amsa: Ki auna katifarki tukuna don ba ɗaya suke ba, ki ƙara abin da kike so ya sauko ta gefe. A misali gida 6 a faɗi 7 a tsawo na inci 12 zai ba ki inci 72 da 84, gida 42 kenan. Ba sai duka sun zama taurari ba, ki yi 21 ki sa sukwaya zalla mai 12½ a tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya, aikin ya ragu rabi, taurarin sun samu wurin shan iska, kuma tsini ba ya karo da tsini balle a ga inda suka saɓa. Ki auna kowane gida kafin haɗawa, wanda ya gaza 12½ da fiye da layi ɗaya na tef ki ware shi ya zama filo, kar ki ja shi da ƙarfi ki ce zai kai.

Na ciki kuma ki manta da soso da audugar roba mai kauri, wannan na masu sanyin ƙanƙara ne, a nan ko da hunturu a Disamba da Janairu ba a buƙatarsa sai dai in ɗakin mai na'urar sanyaya ɗaki ne. Tsohon zanen gado na auduga da ya sha wanki ya yi laushi ya isa, ko ma ki bar shi fuska da baya kawai. Amma bayan dole ne, in ba haka ba alawans ɗin kwata zai zare a wanki. Atamfa faɗinta bai kai na gado ba sai kin haɗa biyu, ki bar rarar inci 3 ko 4 ta kowane gefe. Ki shimfiɗa a ƙasa mai tsabta ki miƙar, ki kama duka da dogon ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa waje, sannan ki hau keke ki bi layukan da suka haɗa gida da gida, nan ma daga tsakiya, ki kuma zagaye kowane tauraro don kar ya yi jaka. In keken na tura na sama yana tattarewa ki sassauta abin da ke danna ƙafar ki ƙara tsawon ɗinki. Baki kuma ki yanka ƙyalle mai faɗin inci 2½ ki ninka biyu ki naɗe da shi, a miƙe ya isa tunda gefen ba lanƙwasa gare shi ba.